Yadda Na Wanke Marubuci Tas a Gaban Jama'a

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da wata Asabar ba, ranar da na miƙe tsaye a gaban mutum kusan ashirin na wanke wani dattijo tas, sa'an mahaifina, a kan laifin da bai ji ba bai gani ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Kuma har yau ban gama hucewa ba, don ba ni kaɗai ce da laifi ba. Zan faɗi nawa, amma na wasu ma sai na faɗa.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata, na daɗe ina koyar da adabi. Muna da wata 'yar ƙungiya ta masu son karatu, duk Asabar ɗin ƙarshen wata mukan haɗu bayan La'asar a wani aji na makarantar da ke bayan gidanmu a Sheshe, maza gefe guda mata gefe guda, mu tattauna littafin da aka zaɓa. Muna da guruf a waya kuma. A nan ne ni da kaina na kafa doka: kada wanda ya kuskura ya faɗi ƙarshen littafi kafin ranar zama, wanda ya karya a fitar da shi na sati guda. Da hannuna na taɓa fitar da mutum biyu. (A lokacin ina ji da wannan doka ba kaɗan ba.)

A watan da nake ba ku labari, shugabanmu Malam Habu, wani tela mai sanyin hali, ya kawo mana littafin bincike. An tsinci gawar wani dillalin filaye a tsohuwar rijiya cikin wani kango a Jakara, aka ba wani ɗan sanda da ya kusa ritaya kwana uku ya gano wanda ya yi kisan kafin manya su rufe maganar. Malam Habu ya ce marubucin maƙwabcinsa ne, tsohon magatakardan kotu, wannan ne littafinsa na farko, kuma ya yarda zai zo ya zauna da mu. Ƙawata Hajiya Binta, mai shagon robobi a Ƙofar Wambai, ita ta kawo mini nawa kwafin a cikin leda.

Gaskiya ɗaya ce, littafin ya kama ni. Kowane babi gajere ne, kuma ba ya ƙarewa sai an buɗe wata ƙofa ko an ga wata gawa. A ofishin malamai na karanta rabinsa, har aka kaɗa ƙararrawa ban ji ba, sai da shugabar makaranta ta leƙo ta tambaye ni ko ajina hutu na ba su. Kwana biyu na yi na isa inda ɗan sandan ya tara duk waɗanda yake zargi a zaure, ya rufe ƙofa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wanda ya kashe dillalin yana cikin ɗakin nan. Na juya shafi.

Sai na ga bangon littafin.

Na sake juyawa, na girgiza littafin, na duba bayansa. Ba komai. Raina ya ɓaci irin ɓacin da na daɗe ban yi ba. Na san halin wasu marubutanmu na yanke labari a tsakiya don a dawo neman kashi na biyu, amma su aƙalla sukan rubuta cewa akwai ci gaba. Wannan ko hakan bai ga mun isa ya yi mana ba. Na ce a raina wato sabon salo ne aka kawo mana, a bar mai karatu a rataye a ce masa ya ƙarasa da tunaninsa. To ni ban ɗauki littafin bincike don in yi wa ɗan sanda aikinsa ba.

A guruf kuwa ra'ayi ya rabu tun kafin a zauna. Malam Habu ya ce labarin ya cika gudu, kamar adaidaita sahun da birki ya ƙwace masa, mutum bai gama sanin wane ne wane ba an riga an binne shi. Wata ma'aikaciyar asibiti da ke cikinmu ta ce gubar da aka ambata ba ta kashe mutum cikin minti biyu, wannan ƙarya ce tsagwaronta. Wasu suka ce su gudun ne ma ya burge su, sun gaji da littattafan da za a yi shafi goma ana kwatanta labulen falo. Hajiya Binta ta ce saboda littafin nan masu saye uku sun tsaya a bakin shagonta sun gaji sun wuce, sannan ta ƙara da cewa ƙarshen nan kam ba ta taɓa zato ba.

Na amsa mata nan take na ce ni ma haka, Hajiya, ki bar ni da shi ranar Asabar. Ta turo mini alamar dariya. Ni a tunanina mun fahimci juna. Ba wanda ya ƙara cewa komai a kan ƙarshen, saboda dokata.

Na zauna na cika takarda huɗu da sukar littafin. Na karanta wa maigidana, ya saurara yana cin tuwo, ya ce in dai tuna dattijo ne. Na ce adabi bai san furfura ba. (Wallahi haka na ce. Har na ji daɗin jimlar, na ƙara ta a takardar.)

Ranar Asabar ajin ya cika fiye da kullum. Marubucin ya zo da farar riga 'yar shara da hula zanna, siriri, yana jan ƙafa kaɗan, ya gaida kowa kafin ya zauna a kujerar malami. Ya ajiye biro da ɗan littafin rubutu a gabansa, ya ce shi ya zo ne ya koya. Malam Habu ya buɗe taro da addu'a, bai gama shafawa ba na ɗaga hannu. Ya so a fara da ɓangaren maza, na ce uzuri gare ni, a bar ni in fara. Ba wani uzuri. Tsoro nake kada wani ya riga ni faɗa.

Na fara da yabo, layi biyu, don kada a ce ban yi ba. Daga nan na shiga. Na ce ɗan sandan yana tashi daga Jakara ya isa bayan gari cikin minti biyar da rana tsaka, na tambaya ko a wace Kano ake wannan. Aka yi dariya, dattijon ma ya yi murmushi ya rubuta. Na ce matar mamacin ba ta da aiki a littafin sai kuka da kawo ruwa. Ya sake rubutawa. Ganin ana gyaɗa kai ya ƙara mini ƙarfi, na ajiye takardar na gyara mayafi na shiga babban zancen.

Na ce duk waɗannan ƙananan laifuffuka ne. Babban laifi shi ne cin amanar mai karatu. Na ce mutum ya bar aikinsa ya bi ka lungu-lungu, ka tara masa mutane a zaure, ka rufe ƙofa, sannan ka tsere ta taga. Na ce wanda bai san yadda zai warware ƙulli ba bai kamata ya ƙulla ba. Na ce ni na san wanda ya yi kisan, direban mamacin ne, ko ɗalibata 'yar aji ɗaya za ta gane, amma marubucin ya rasa ƙarfin halin da zai rubuta hakan. Har na ce wataƙila shekarun da ya yi a kotu ne suka koya masa ɗage shari'a ba ranar dawowa.

A nan ne na lura ajin ya yi tsit. Ba mai dariya. Malam Habu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ma'aikaciyar asibitin ta rufe bakinta da hannu. Hajiya Binta, da ke zaune daf da ni, ta ƙura wa allo ido kamar an rubuta mata wani abu a jiki. Ni kuwa na ɗauka maganata ce ta ratsa su. Na ƙara minti biyar cur, na rufe da jimlar nan tawa ta furfura, na zauna ina haki.

Dattijon ya ajiye bironsa. Bai ɗaga murya ba.

"Malama, na gode. Don Allah, littafinki a shafi na nawa ya ƙare?"

Na buɗe littafin da gadara na ce ɗari da saba'in da shida. Ya miƙo hannu, aka miƙa masa nawa, ya ɗauki na Malam Habu ya haɗa su gefe da gefe ya ɗaga. Ko daga inda nake zaune ana ganin nawa ya fi sirantaka. Na kowa a ɗari da casa'in da biyu ya ƙare. Shafi goma sha shida, babi biyu cif, ba a ɗinka su a nawa ba tun daga wurin masu buga littafin.

Ban san wanda ya fara ba, amma daga ɓangaren maza dariyar ta taso, irin wadda aka daɗe ana dannewa. Kafin ka ce me ajin ya kaure. Na duba ƙofa, tana can nesa, kuma sai na ratsa ta gaban maza kafin in kai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dattijon bai yi dariya ba. Haƙuri ya ba ni. Ya ce laifinsa ne da bai bi kwafi-kwafi ya duba ba kafin a fitar, kuma da shi ne aka yi wa haka da ya faɗi abin da ya fi nawa. Ya zaro nasa kwafin daga aljihu, duk ya sha rubutu a gefe, ya ba ni. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi, don da na san abin da zan yi da zagi.

Malam Habu ya ce to yanzu ga matsala: an zo tattauna ƙarshen littafi, ga kuma mutum ɗaya ba ta karanta ba, kuma doka ta hana a faɗa mata. Ya tambayi jama'a yadda za a yi. Aka yanke cewa in koma bencin baya in karanta, su jira ni. Haka na zauna a irin wurin da nake tura ɗaliban da ba su yi aikin gida ba, mutum ashirin suna kallona ina juya shafi. Ba direban ba ne. Direban ma shi aka kashe na gaba. Wanda ya yi kisan, ba zan faɗa muku ba, amma tun babi na uku an nuna shi ƙarara, ni mai koyar da adabi na wuce ban gani ba.

A hanyar gida na tsare Hajiya Binta a bakin lungunmu. Na tambaye ta, tana zaune kusa da ni, gwiwarta na taɓa tawa, me ya hana ta ja mini mayafi? Ta ce da farko ba ta gane inda na dosa ba, da ta gane kuma na riga na yi nisa, ga shi ba ta taɓa jin na yi magana mai daɗi haka ba. Kwana huɗu ban amsa gaisuwarta a waya ba. Har yanzu ina ganin ba ta kyauta ba, kuma masu ɗinka littafin nan, ko su wane ne, ban yafe musu duka ba tukuna.

Ranar Litinin na sa maigidana ya raka ni gidan dattijon, na durƙusa a zaurensa na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Sai ya roƙe ni in bar masa takardun nan huɗu, wai maganar minti biyar daga Jakara da ta matar mamaci gaskiya na faɗa, zai gyara in za a sake bugawa. Na ba shi biyu. Sauran biyun na ce sun ɓata.

Ban daina sukar littafi ba, kuma har gobe ina nan a kan cewa labarin ya cika gudu. Abin da na koya kawai shi ne, in kina tsaye kina zuba kika ga kowa ya sunkuyar da kai, kada ki ɗauka hikimarki ce ta yi musu nauyi. Kunyar da ya kamata ki ji ce suke taya ki ji, kafin ta iso gare ki.