Ranar da Na Share Ƙorama

Ba zan taɓa mantawa ba, ina ajin ƙarshe a jami'a, sashen nazarin halittu, aka ba ni aikin bincike a kan wata 'yar ƙorama da ke fitowa daga idon ruwa a gindin dutse, can hanyar Sunkani. Aikina in duba ƙananan halittun da ke zaune a cikinta, in ga yadda gudun ruwa yake canza su. Ƙawayena suna ɗakin gwaji cikin fararen riguna, ni kuwa ina tsugune a taɓo ina ɗaga duwatsu kamar mai neman ƙaguwa.

Sai dai a hankali aikin ya shiga raina. Inda ruwa ke gudu da ƙarfi akwai wasu ƙwari masu faɗin jiki da suke manne wa ƙasan dutse, da wasu tsutsotsi da suke gina wa kansu gida da ƙwayoyin yashi. Can ƙasa kuma wani tsohon kututture ya faɗi ya tare ruwa, ya yi ɗan tafki cike da ruɓaɓɓen ganye. Nan ne mazaunin dodon koɗi da 'ya'yan mazari da jajayen tsutsotsi. Bambancin wuraren nan biyu shi ne binciken nawa gaba ɗaya. In ya lalace, sai in maimaita shekara, 'yan ajinmu su tafi bautar ƙasa su bar ni.

Wata rana malamin da ke duba aikina, Dakta Bulus, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya ce zai kawo wani dattijon Farfesa daga wata jami'ar ya ga wurin da idonsa.

To, ni a Nukkai na tashi, a gidan da in aka ce baƙo na tafe har bayan randa sai an goge. Ana gobe za su zo na je ƙoramar da niyyar tsince ledoji kawai (Allah ne shaidata). Sai na duba duwatsun, duk gansakuka, santsi kamar kuɓewa. Na ce dattijo ne fa, in ya zame ya karye a wurina ina zan sa kaina? Na ari tsintsiya da soso a wajen Mama Saratu, wata mata da ke wanki a wurin kullum. Da ta ga na duƙufa, sai ta kira sauran matan. Muka kankare duwatsu, muka kwashe ganye, muka haɗa ƙarfi muka janye kututturen nan. Ruwan ya kwaranye fes, yana sheƙi. Na koma gida ina ji da kaina (ƙwarin kuwa na ɗauka za su ɗan matsa gefe ne, su dawo in mun gama).

Washegari da suka iso, na shige gaba da ragar kamun ƙwari da farin faranti, ina zuba bayani. Na ɗaga dutse na farko, ba komai. Na biyu ma haka. Na zura raga inda tafkin yake a da, na juye a faranti, ruwa garau, ko ƙafar ƙwaro babu.

Dakta ya dubi wurin ya ce, "Ina tafkin da kike ta ba ni labari?"

"Malam, ina jin rani ne ya janye shi."

Ban rufe baki ba sai ga Mama Saratu da kwanon wanki a ka, fuskarta cike da fara'a. Ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta nuna ni.

"Baba, yarinyan ku ɗin nan ya iya aiki fa. Jiya shi ya wanke dutse duka, ɗaya ɗaya. Itace ma mun cire. Yanzu ko ƙwaro babu, sai ka sha kawai."

Wallahi da akwai rami a wurin da na shige. Dakta ya cire tabarau yana kallona, ni kuwa ina tsaye tsakiyar ruwa da faranti a hannu, ina lissafin yadda zan gaya wa Babanmu cewa saura shekara.

Sai na ji wani sauti a bayana. Farfesa ne ya zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun da na kankare, yana dariya har da share hawaye. Da ya huta ya ce, "'Yata, kin tara sakamakon kafin ki yi wannan aika-aikar?"

"Na tara, ranka ya daɗe. Tun ƙarshen damina."

"To kin tsira. Kin san yadda wurin yake da, yanzu kin canza masa gudun ruwa. Sai ki zauna ki ga wa zai fara dawowa, wa zai ƙi. Amma in ba su dawo ba kafin lokacin kare aikinki a gaban malamai, ba ruwana."

Makonnin da suka biyo baya ban taɓa zaman jiran wani kamar yadda na jira ƙwarin nan ba. Allah ya taimake ni tsintsiyata ba ta kai bakin idon ruwan ba, daga can ruwa ya riƙa gangaro da su. Masu faɗin jikin ne suka fara iso. Ranar da na juya dutse na ga ɗaya manne yana motsa wutsiya, zama na yi a ruwan ina hamdala, na ce masa sannu da zuwa. Dodon koɗi kuwa fushi suka yi, ba su leƙo ba sai da muka mayar da kututturen, ruwa ya sake kwanciya. Wannan bambancin shi ya zama babi mafi kyau a aikin nawa, kuma da shi na fita tare da 'yan ajinmu.

Tun daga nan, kafin in kira abu datti in kai masa hannu, sai na fara leƙawa na ga ko akwai masu gida a ciki.