Ni Na Ɗinka Wa Lamba Ɗaya Riga

Yau da safe rawa ta cinye mini gurbina a layin mai. Tun gari bai gama wayewa ba na kafa jarkata a bayan wani mai babur, don injin shagona ya kwana biyu bai ga ɗigon fetur ba. Wutar lantarki kuwa kun san yadda muke da ita, sai dai gaisuwa daga nesa. Rana ta fara zafi sai wani ya ƙure rediyon motarsa, waƙar nan ta "Layi Bai Motsa Ba" ta tashi. Jama'a, sai layin gaba ɗaya ya ɗauka! Taku ɗaya gaba, uku baya, a ɗaga hannu sama kamar ana riƙe da jarka, a girgiza ta a ji wayam. Har da wani dattijo mai dogara sanda. Ni kaɗai na ƙame na haɗe rai, ni a dole mai mutunci. A taku na uku mai babur ya taka mini yatsa, ya shure jarkar ta gangara cikin kwata. Kafin in tsamo ta an rufe gurbin, kafin in gama rantsuwar cewa nan nake tsaye an ce mai ya ƙare.

Wanda ya yi waƙar ɗana ne, na fari. Ban faɗa wa kowa a layin ba, kuma yanzu zan gaya muku abin da ya rufe mini baki.

Ni tela ne, shekara talatin da ɗoriya. Keke biyu ne a shagona, nawa da nasa. Amma shi da abokansa biyu, wani mai walda da wani mai gyaran waya, sun haɗa ƙungiya, suna ɗaukar waƙa a bayan shagon gyaran wayar, sun jingina tsofaffin katifu a bango don kada ƙarar titi ta shiga. Waƙarsu ta farko ko maƙwabta ba su san an yi ta ba. Ta biyu ta leƙa lamba tara a "Goma Na Sama", shirin da gidan rediyonmu ke yi duk mako, inda masu sauraro ke tura saƙon waya su zaɓi waƙar da ta fi tashe. Mako ɗaya ta yi ta faɗo. Ta uku ita ce wannan. Ta shiga a lamba bakwai, ta yi tsalle zuwa huɗu, sai ga ta a biyu. Daga nan ɗan nawa ya fara ɗinka wa mutane aljihu a karkace.

Na zaunar da shi a gaban mahaifiyarsa na ce, "Kai, rawa ba sana'a ba ce. Ga sharaɗi. In waƙar nan ta hau lamba ɗaya a ƙarshen wata, na sallame ka, ka je ka yi ta tsalle. In ba ta hau ba, ka ajiye ka dawo kan keke, kada in ƙara jin ƙafarka na kiɗa a ƙarƙashin tebur."

Ya ce, "Na yarda, Baba."

Mahaifiyarsa ta dube ni ta ce, "Malam, a gabana fa ka faɗa." Na ce na sani.

Ana cikin haka sai Kwamitin Raya Basirar Matasa ya farka daga barci. Ai kun san kwamitin. Shugabansa, Mai Girma Garkuwan Almakashi, Sarkin Yanka Kirtani Na Duk Unguwanni, shi ne ya yi alkawarin gina wa matasa ɗakin ɗaukar waƙa shekara huɗu da suka wuce. Sau uku ana aza harsashin ginin, kuma a yi masa adalci, dutsen yana nan daram, awaki na shan iska a kansa. Da Mai Girma ya ji cewa yara na tashe ba da saninsa ba, sai tausayi ya kama shi. Ya sanar cewa kwamiti zai ɗauke wa gidan rediyo wahalar ƙirga saƙonnin ƙarshen wata, kuma shi da kansa zai miƙa wa lamba ɗaya kambu.

A makon ne kuma wata ƙungiya da ba wanda ya taɓa jin ɗuriyarta, wai ita Ƙungiyar Godiya, ta diro lamba takwas da waƙar "Mun Gode Da Alkawari". Mai askin da muke bango ɗaya da shi ya ce ya san su sarai: masinjojin ofishin kwamitin biyu ne, da direba, sai ƙanen matar Mai Girma a gaba. Waƙar minti goma sha ɗaya ce, bakwai a ciki jerin sarautun Mai Girma ne.

Na ce, "Maƙwabci, to yaya ake rawarta?"

Ya ce, "A tsaye ake yi, hannu a ƙirji, har Allah ya sa a gama."

Saura mako uku a rufe zaɓe, ɗana ya fita sayo zare, sai ga sakataren kwamiti da bandir na yadi mai sheƙi a hammata. Riguna huɗu yake so, kowacce da surfani a baya. Ya miƙo mini takarda in ga abin da za a rubuta: ƘUNGIYAR GODIYA, LAMBA ƊAYA.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a gama zaɓen ba."

Ya dube ni kamar ya ga sabon shiga. "Haba Malam tela, kai ka fi kowa sanin surfani na cin lokaci. So kake ranar ta zo mu ji kunya? Mu a ofishinmu ba ma son aikin gaggawa."

Kun ji tsari! Duk mai cewa ma'aikatanmu ba su da hangen nesa ya zo ya nemi gafara. Mutanen da suka kasa ɗora bulo ɗaya a shekara huɗu, ga shi sun san abin da dubban masu sauraro za su zaɓa tun masu sauraron ba su san kansu ba.

To ga inda nawa laifin yake. Kamata ya yi in naɗe masa yadinsa in nuna masa ƙofa. Ni ne fa nake cika muku kunne a wannan fili nawa na jarida kan maguɗi, har edita ya roƙe ni in riƙa sauya magana. Amma ina riƙe da takardar nan sai zuciyata ta ce, shi ke nan, yaro ya dawo keke. Daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba. Na karɓi aikin. Idan ya fita cin abincin rana sai in jawo in yi, in na ji takunsa in cusa ƙarƙashin tarin ƙyallaye. Kullum kuma zai dawo da murna yana cewa, "Baba, yau ma an ce saƙonni sun ninka." Ni kuma in ce Allah ya taimaka.

Jiya aka yi taron. Kujerun manya masu laushi a gaba, na talakawa na roba a baya, fanka ɗaya tana kallon manya. Aka karanto sakamako: Ƙungiyar Godiya lamba ɗaya, "Layi Bai Motsa Ba" lamba biyu. Zauren ya yi tsit, sai sakatare kaɗai ke tafi. Zakarun suka hau dandamali cikin rigunana, suka juya baya don a ɗauki hoton surfanin. Aka sa waƙarsu, muka yi minti goma sha ɗaya kamar masu jiran likita. Mai Girma ya tashi zai yi jawabi, ya gyara murya, ya matso da bakinsa kan lasifika, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Kun san wace waƙa ce ta tashi? Ta ɗana! Yana laluben aljihu, lasifika na watsa ta, zaure ya miƙe gaba ɗaya. Har direban nan mai sanye da rigar lamba ɗaya sai da ya yi taku ɗaya gaba uku baya kafin ƙanen matar Mai Girma ya harare shi. Kowa na dariya, ni kuwa na sulale na fita ta ƙofar baya.

Ɗazu da na dawo daga layin mai da jarka wayam, na tarar da shi a kan kekensa. Ya share shagon, ya sa wa keken mai, yana kalmasa ƙafar wandon wani. Ƙafarsa na taka keke kawai, ba kiɗa ba komai.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ba ta hau ba, ga ni na dawo."

Na ajiye jarkar. Na matsa kusa da shi na ce, "Rigunan nan na jiya, ni na ɗinka su."

"Na sani, Baba. Tun makon farko na gan su a ƙarƙashin ƙyallaye. Wuyan ta biyu ya ɗan karkace, na kwance na gyara maka."

"To me ya sa ba ka ce komai ba?"

Bai ɗago ba ya ce, "Jira nake in ga ko kai za ka ce."

Jama'a, tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Na je na zare wandon daga hannunsa, na ɗauko murfin keken na rufe.

Na ce, "Tashi. Ban amince da sakamakon nan ba, na soke shi."

"Baba, sharaɗin fa?"

"A gidan nan ni ne kwamiti. Ka tafi wurin abokanka kafin in sake ƙirgawa."

Ya durƙusa ya riƙe hannuna, ni kuma na juya ina neman almakashin da ke rataye a wuyana, don kada ya ga idona. Sai da ya kai bakin titi na ji yana kiran mai walda a waya.

Yanzu dai keke ɗaya a shagona ba mai hawa. In akwai mai son koyon ɗinki a cikin Ƙungiyar Godiya, ya zo, ƙofa a buɗe take. Na ji muryoyinsu jiya, kuma na tabbata Allah bai hana su basira ba, a wani wurin ya ajiye musu ita.