Ƙarfen Da Ke Sa Jita Kuka

A garinmu Tudun Kanya, gidan da ke bayan maƙera, akwai wani mutum ana ce masa Barmo. Ba yaro ba ne, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma maganar da ka faɗa masa, yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Ga shi da tsoro kamar farar kura. Akuya ta yi atishawa, sai ka tsinci Barmo a bayan rumbu. Iyayensa sun rasu tuni, yana zaune a gidan yayansa Mati da matar yayan, Tsahara. Mati ke ciyar da shi, Mati ke tufatar da shi, Mati ke tare masa faɗa in ya yi ɓarna a gari, ɓarnar kuwa ba ta yankewa.

Shi Mati makaɗin jitar lantarki ne, yana yawon biki da sifika da batirin mota. Abin da ya fitar da sunansa shi ne yadda yake girgiza tsirkiya da yatsun hagu har jitar ta riƙa kuka kamar mutum, mata na share hawaye da bakin gyale. Ana nan sai ya faɗi da babur a hanyar dawowa daga wani biki. Jitar ta dagargaje, ƙafa ta karye, hannun hagu kuma ya warke a sage. Yana iya danna tsirkiya, girgizawa ce ta gagara. Ranar da ya gane haka, ya faɗa a gaban kowa: in ƙafar nan ta warke bai sami jitar da za ta yi masa kuka ba, zai bi motar Ilu direba zuwa ramukan zinari na can arewa. Mu nan mun san ramukan nan. Akwai samarin garinmu da rami ya rufta da su, takalmansu kawai aka kawo wa iyayensu. Tun da Barmo ya ji wannan magana, ko kusa da rijiya ya daina bi.

Wata rana Ilu direban ya dawo daga kudu da tsaraba. Wani ƙarfe ne mai sheƙi, yana da dogon hannu da ƙusoshi huɗu na murɗawa. Ya ce a gindin jita ake ɗaura shi, tsirkiyoyi su bi ta kansa, in makaɗi ya danna hannun da damansa sai murya ta yi rawa, ba ruwan yatsun hagu. Sai dai ba kowace jita yake hawa ba. Mati ya juya shi, ya juya shi, fuskarsa ta yi haske. Ya miƙa wa Barmo ya ce, "Adana min shi. Kada ka bari kowa ya taɓa."

Barmo ya yi tsalle baya, ƙarfen ya faɗi kan tabarma. Ya ruga maƙera ya aro awartaki, ya ɗauki ƙarfen da shi, ya miƙa hannu can nesa da jikinsa yana tafiya yana karkarwa. Mutane suka ga Barmo riƙe da abu mai walƙiya ba ya yarda ya taɓa shi, nan da nan gari ya ɗauka an tono asiri. Mata suka janye yara, masu sayar da rake suka bar rakensu. Da yamma Mati ya ce, "Kawo ƙarfen in sake dubawa."

"Yaya, ka ce kowa."

"Ni ne fa!"

"Kai ma kowa ne, Yaya."

Sai da Tsahara ta sa baki, Mati ya janye maganarsa da bakinsa, sannan Barmo ya saki awartakin.

Wata rana Tsahara ta sayar da ragonta, aka haɗa kuɗin jita. Mati na kwance da ɗori a ƙafa, ita kuma ba ta san birni ba, dole aka aiki Barmo shagon Gagare mai kayan kiɗa. Mati ya ja masa kunne: "Ba na son mai rami a ciki kamar ƙwarya, ƙarfen ba zai zauna ba. Ka ƙwanƙwasa kowace. Wadda ta yi ƙara bar ta, wadda ta yi shiru ita nake so." Barmo ya isa shago, ya gaida Gagare, ya fara bin jitoci yana ƙwanƙwasawa yana kafa kunne. Wannan ta ce ƙwas, ya bar ta. Waccan ta ce ƙwal, ya bar ta. Ta ƙarshe tana jingine a lungu, ashe an haɗa ta da wata ƙatuwar sifika an ƙure murya. Yana ƙwanƙwasa ta sai shagon ya ɗauka da rugugi, ta biyo da wani ihu mai tsini da ya ƙi tsayawa. Barmo ya bar takalmansa a nan, bai tsaya ba sai tasha. Ya iso gida ƙafa duk ƙaya, ya ce, "Yaya, babu mai shiru. Guda ɗaya ma ta san ni, kirana take yi."

Wata rana kuma Mati ya ce, "Bar ƙwanƙwasa. Ƙarfen nan jan tsirkiya yake yana saki. Ka ja tsirkiya ka saki, ka ji ko muryar ta koma inda take." Barmo ya koma birni, ya taka wata jita da gwiwa, ya kama tsirkiya ya ja ta kamar mai harbin baka. Ta tsinke, ta tsarge shi a kunci, kaɗan ya rage ta tafi da ido. Ya dawo da jini a riga, ya rantse jitar ta cije shi, kuma muryarta ba ta koma ko'ina ba.

Wata rana kafintan garinmu ya zo duba ƙafar Mati, aka nuna masa ƙarfen. Ya girgiza kai ya ce shi kam yana tsoron wannan aiki. Dole a huda jita wuri huɗu, in huji ɗaya ya kauce ko da ƙwayar gero, tsirkiyoyi sun karkace har abada, in kuma katakon mai laushi ne, ƙusoshin su tumɓuke. Mati ya dubi Barmo ya ce, "To ka ji. Kafin ka saya, ka tabbatar katakon yana riƙe ƙusa."

Ni na ga Barmo ranar yana shiga mota da guduma a aljihu. Ya isa shagon Gagare, ya zaɓi wata ja mai ƙyalli wadda ta fi kowace tsada, ya kwantar da ita, ya ce bismillahi, ya kafa mata ƙusa a gindi. Katakon ya tsage har wuya. Gagare ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu, 'yan sintirin kasuwa suka yi caa a kan Barmo, suka jefa shi wani ɗakin ajiyar gawayi suka ja ƙofa. Ba taga, ba haske, iskar ma da ƙyar take shiga. Da Ilu ya zo belinsa ya same shi a tsugune a lungu, haƙora na haɗuwa. Bai tambayi ruwa ba, bai tambayi gida ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ilu, haka ramin yake?"

Ilu ya ce, "Ya fi haka."

Barmo ya yi ta kuka har Tudun Kanya. A ƙofar gida ya share ido ya ba da rahoto: "Yaya, jar ba ta riƙe ƙusa." Abin da ya rage na babur ɗin Mati, shi aka sayar aka biya Gagare, Gagare kuma ya rantse in ya sake ganin Barmo a layinsa sai ya karya masa ƙafa.

Daga nan Mati ya daina zancen jita. Aka kwance ɗori, ya fara takawa yana ɗingishi, ya gaya wa Ilu ya ajiye masa wuri a tafiyar ranar kasuwa. Tsahara ta yi magiya, dattawa suka yi magana, ya ce shi ba zai zauna mace na ciyar da shi ba. Gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Barmo ya daina cin abinci, yana bin yayansa duk inda ya sa ƙafa, har bakin banɗaki.

Wata rana, ana jibi tafiya, Tsahara ta kira Barmo bayan ɗaki. Ta ɗaura masa kuɗin ragon a ƙugu, ta naɗe ƙarfen a tsumma ta ba shi. Ta ce, "Barmo, wannan ce ta ƙarshe. Ka kawo jitar da ƙusoshin nan huɗu za su shiga. Amma ka rantse min ba za ka huda komai ba."

Ya rantse. Ya isa birni yana raɓe-raɓe don kada Gagare ya hango shi, kansa kuma ya ɗaure. Ƙusa ba ta shiga sai da huji, shi kuma an hana shi huji. Ya bi sauran shaguna yana tambaya, "Kuna da jita mai huji huɗu?" Aka yi ta yi masa dariya, ana nuna masa sababbi masu santsi, yana cewa a'a, waɗannan ba su da lahani. Rana ta faɗi bai samu ba, ya kwana a tasha. Kashegari ma haka ya wuni. Sai can wajen 'yan gwangwan masu sayar da tsofaffin ƙarafa, a rumfar wani mai gyaran rediyo, ya hangi wata jita rataye a jikin kwanon rumfar. Fentinta ya kwaile, ba ta da tsirkiya ko ɗaya, gizo-gizo ya yi mata saƙa. Ya leƙa gindinta, ga huji huɗu, zanzaro ya toshe su da laka. Barmo bai taya ba, bai jarraba ba. Ya kwance ƙugu ya ba da abin da ke ciki, ya rungume ta ya nufi tasha.

Ya iso gida da hantsin ranar kasuwa, motar Ilu na tsaye a bakin hanya, samari sun hau saman kaya, jakar Mati ma an ɗora. Tsahara ta ga abin da Barmo ya rungumo, ta zauna a ƙasa daɓas ta ce, "Ragona." Mati ya karɓi jitar, ya dube ta sama da ƙasa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa Barmo hannu ba, amma ranar ya kama ta a wuya ya ɗaga sama zai maka ta da turmi. Barmo ya dunƙule a ƙasa ya rufe kai, yana cewa, "Yaya, ban huda ba! Wallahi da hujinta na same ta!"

Hannun Mati ya tsaya a sama. Ya sauke ta a hankali, ya juya gindinta. Ya tsinci tsinke ya ƙwaƙule lakar zanzaro, ya kwance tsumma ya ɗora ƙarfen. Huji huɗu, ƙusa huɗu, kowace ta faɗa gidanta. Har shatin ƙarfen yana nan a jikin fentin. Ashe tun asali da irin ƙarfen nan aka ƙera ta, wani ya cire nata ya yar da ita.

Ilu ya danna hon. Mati bai ɗaga kai ba. Ya ce a miƙo masa sukundireba, da tsirkiyoyin da ya ajiye na tsohuwar jitarsa, da batir, da sifika. Yana ɗaurawa, mu kuma mun cika ƙofar gida ba mai ko tari, don ba wanda ya san ko abin da ke cikinta yana da sauran rai. Ilu ya sake danna hon, ya leƙo ya ce rana tana yi. Mati ya danna tsirkiya da sagaggen hannunsa, ya kaɗa, ya kama hannun ƙarfen ya lanƙwasa shi kaɗan.

Ta yi kuka. Murya ce ta tsohuwa, da ɗan dishi-dishi, amma kukan nan ne da muka sani, har tsigar jikina ta tashi. Tsahara ta rufe fuska da zane. Barmo kuwa ya zabura zai faɗa bayan rumbu, Mati ya cafko rigarsa ya zaunar da shi a gefen sifika.

"Yaya, tana jin zafi!"

"Zauna nan. Kada ka tashi sai na daina kiɗa."

Mati ya ɗaga murya ya ce wa Ilu a jefo masa jakarsa. Aka jefo, mota ta tashi da sauran samarin, muka bi su da addu'a.

To, in ka je biki a yankinmu ka ji jita na kuka, ka duba gefen sifika. Za ka ga wani mai furfura a zaune, ya toshe kunnuwa da yatsu, ido a rufe, jiki na ɓari. Na taɓa tausaya masa na ce, "Barmo, tashi mana ka koma nesa, tunda tsoro kake ji." Ya buɗe ido ɗaya ya dubi yayansa, ya ce min, "Ai bai daina ba. Allah ya sa kada ya daina."