Rasuwar Gwaggo, Wadda Ta Tafi da Saitin Sinima

Da zuciya cike da baƙin ciki, Edita mai shagon haɗa bidiyo da ke saman bene, kusa da masu ɗinkin labule, yana sanar da 'yan'uwa, abokan sana'a da maƙwabta rasuwar tsohuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da misalin ƙarfe uku na yamma, tana tsaka da aiki, bayan doguwar jinya. Shekarunta goma sha uku a duniya, tara daga ciki a hannun mai rashin.

Gwaggo ba kyakkyawa ba ce, wannan ko masoyanta ba sa musu. Murfin gefenta ya ɓace tun tuni, kayan cikinta duk a waje, ga nauyi sai mutum biyu sun kama. Amma an shaide ta da haƙuri da riƙon amana, uwa uba rufin asiri. Wannan hali na ƙarshe shi ne Edita ya fi kukan rashinsa, kuma tun da mai rufawar ta tafi, babu amfanin a ci gaba da ɓoyewa.

Edita ya gaje ta ne daga marigayi Maigida, wanda ya koya masa sana'a. Maigida ne ya zauna wata rana ya tsara mata yadda ake fitar da talla don allon sinima, faɗi kaza, tsayi kaza, hoto kaza a daƙiƙa, ya adana wannan saiti a cikinta da sunan "Na sinima, kar a taɓa". Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ya ce wa Edita ya jawo kujera ya ga lambobin, shi kuwa ya ce sai aiki ya ragu. Aiki bai ragu ba har Maigida ya riga mu gidan gaskiya. Edita mutum ne mai biyayya. An ce kar a taɓa, bai taɓa ba, ko leƙawa bai yi ba. Shekara tara yana danna layin nan ya sauka shan iska, ya dawo ya tarar Gwaggo ta gama komai. Talla ta cika allo daga bango zuwa bango, a kira shi gwani, ya sunkuyar da kai ya amsa.

Ciwon ajali ya soma ne bara, da tari a fankarta. Da safe sai ta yi "tit, tit, tit" sau uku, a ɗan bubbuga mata gefe, sannan ta farka tana gurnani. Edita ya juya mata fankar shago gaba ɗaya, shi yana jiƙewa da gumi ita tana shan iska. Ranar Talatar tana fitar da tallar Baba mai katifa ne, wato mahaifin matarsa, ta kai kashi casa'in da ɗaya, sai ta ja "tiiii" guda mai tsawo, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗaki. Mai gyara ya zo ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce daga zuciyar har rumbun ajiyar babu na ɗauka. Hotunan tallar sun tsira don suna wata ma'ajiya dabam. Saitin ne ya bi ta.

Ta rasu ta bar allo guda, mai ɗauke da baƙin salatif biyu da Maigida ya manna sama da ƙasa don a san inda kan mutum zai tsaya. Ta bar linzamin kwamfuta mai jan ƙafa, da sifika biyu, ɗaya kurma. Ta kuma bar marainiyar talla ta daƙiƙa talatin, da Edita, wanda a cikinsu duka shi ne abin tausayi.

Domin Baba mai katifa ba kwastoma ba ne da za a kashe wa waya. Wani kamfani ya yi ta zarya yana neman aikin, Baba ya ce yana da gwani a gida, me zai kai shi waje. Tuni ya kama layi biyu na kujeru a sinima don ranar Asabar, ya gayyaci ƙannensa, masu sarin kayansa, har da abokin hamayyarsa na tsallaken titi.

Tun ranar Laraba Edita ke hawa da sauka a matakalar ɗakin majigin sinima, da kwamfutar cinya da ya aro wurin ƙanen matarsa. A karon farko ya fitar da tallar a girman talabijin. Da mai majigi ya cika allo da ita, hular Baba da rabin goshinsa suka tafi, lambar wayar kanti ta nutse a ƙasa. A karo na biyu ya ja ta ta gefe da ƙarfi. Hula ta dawo, amma Baba ya baje ya yi faɗi, har ba a rarrabe shi da katifar da yake jingine da ita. A karo na uku ya sa mata baƙin layi sama da ƙasa da hannunsa, majigi ya ƙara nasa hagu da dama, sai ga dattijo ɗan mitsitsi a tsakiyar duhu, bakinsa ya gama magana murya tana biyo shi a baya.

Mai majigi ya cire tabarau ya dube shi. "Wai Malam, da can a wane saiti kake kawo min?"

"Na kullum," in ji Edita.

Mutumin ya zayyano lambobin da sauri kamar mai kiran fasinja: dubu biyu da arba'in da takwas a faɗi, ɗari takwas da wani abu a tsayi, hoto ashirin da huɗu a daƙiƙa, da wasu sunaye na sauti da launi. Akwai biro a aljihun Edita. Kunya ta hana shi zaro shi, ya dinga gyaɗa kai irin na wanda ake tuna wa abin da ya sani. Kafin ya kai ƙasan matakala lambobin sun watse. Mai majigi ya leƙo ya ce azahar ɗin Juma'a yake rufe jerin tallace-tallace, in ba a kawo gyara ba, cikin ukun nan zai zaɓi ɗaya.

Uwargida, matar Edita, ta ce ya je ya faɗa wa Baba gaskiya, ai ba cinye shi zai yi ba. Ya je. Bai gama gaisuwa ba Baba ya kamo hannunsa ya kai shi gaban wasu baƙi, ya ce ga mutumin da zai sa shi a sinima. Edita ya yi murmushi ya dawo da maganarsa a ciki. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma ba na faɗan Baba ba, na yadda dattijon zai yi shiru.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gawa tana ƙarƙashin tebur, an lulluɓe ta da ragowar yadin labule. Ranar Juma'a da hantsi mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kura ya kai ta makwancinta. Daga nan mai rashin zai wuce ɗakin majigi da takarda da biro a hannu, ya ce a maimaita masa a hankali, don bai sani ba, bai kuma taɓa sani ba. Ya roƙi kada kowa ya raka shi. Ko abin da zai rubuto zai fita daidai a kwamfutar aro kafin azahar, wannan Allah kaɗai ya sani.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar da ƙarfe huɗu a zauren sinima, layi na shida. Mai rashin zai kasance a tsakiya, Uwargida a hagunsa, Baba a damansa. Ana roƙon jama'a su zo da wuri, domin Baba ya riga ya shirya da manajan sinima cewa da zarar talla ta ƙare a kunna fitilu duka, surukinsa ya miƙe tsaye kowa ya ga wanda ya yi aikin.