Rasuwar 'Yar Ɗiga, Bindigar Gam ta Teburin Taga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da har yau suke danƙo, Baba Mai Gam yake sanar da abokan aiki rasuwar abokiyar zamansa, bindigar gam da aka sani da 'Yar Ɗiga.

Marigayiya ta ƙare rayuwarta tana liƙe murfin ƙananan na'urorin nan masu girman ƙwayar wake, waɗanda ake sa wa injin ƙarin ruwa don auna abin da ke shiga jijiyar majinyaci. Kowa ya shaide ta da kyauta. A nemi ɗigo ɗaya, ta ba da uku. Ba ta da magana sai "tsss, ɗis", ran sanyi kuwa sai Baba ya ɗumama ta a hammata kafin ta ce ko da hakan.

Kyautar ce ta zama ajalinta. Injiniya ta leƙa a madubin ƙara girma, ta ga gam ya malala cikin hanyar ruwan, wadda ba ta kai kaurin gashi ba, har na'ura tana rantsuwa ruwa na tafiya alhali ya tsaya. Baba ya ce tsufa ne, a yi mata uzuri. Aka saurare shi da ladabi, aka kuma kawo sabon inji mai narka bakin murfi da haske ya haɗe shi, ba gam, ba jiran bushewa.

Ta rasu ta bar kwalaben gam marayu a firji, da tsumma da ya sandare, da Baba, wanda aka ce kujerarsa tana nan muddin ya koyi sabon injin. Ya amsa da "to". Sai dai injin ba ya tashi sai mai shi ya dangwala yatsa, marigayiya kuwa tuni ta cinye zanen yatsunsa duka goma. Ya gwada, ya goge a riga, ya sake gwadawa. Injin ya ce bai san shi ba.

Za a yi jana'iza bayan tashi daga aiki, a kwali na ƙasa cikin sito. Mai shara ne zai ja gaba. Baba zai karɓi gaisuwa a gaban sabon injin. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ɗauko komai, su dai taho da yatsunsu.