Baƙin Cikin Ganyen Sabara

Ran da Nafi'u ya je gaida iyayen Bara'atu, tun a soro gumi ya gama jiƙa masa sabuwar shadda. An riga an tsegunta masa cewa auren nan a hannun Baffa Tanimu yake, ƙanen mahaifinta, wanda ya zo sunan autan gidan ya ce gobe zai koma ƙauye. Autan yanzu har ya fara gemu, Baffa kuwa yana nan, shi ne na farko a kan kwanon tuwo.

Baffa ya sauke tabarau kan hanci, ya ƙare masa kallo. "To samari, mece ce sana'ar?"

"Bincike nake yi a jami'a, Baffa. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, a can cikin ganyen sabara suke zaune. Su nake cirowa ina renonsu a faranti."

"Reno? Ƙwayoyin cuta kake kiwo? Jama'a ku ji min! Wasu na kiwon awaki, shi ciwo yake turkewa!"

Nafi'u ya ji Bara'atu na neman suɓuce masa, ya yi saurin kare kansa. "A'a wallahi, Baffa, waɗannan na kirki ne. Kamar baƙi suke. Itacen ne ke ba su masauki, ya ci da su, ya shayar da su. Amma da zarar cuta ta kawo hari, sai su miƙe su fitar da wani sinadari su kashe ta. Shi muke fatan ya zama magani."

"Ahaf!" Baffa ya buga cinya har hularsa ta karkace. "Ci-ma-zaune ke nan! Su tare a gidan wani, ba noma ba cefane, sai ci da kwanciya? Ni da ni ne sabarar nan, tuni na yi waje da su. Ba zan ba mai goyon bayan 'yan zaman banza 'yata ba!"

Sai ga muryar Iya, tsohuwar da ta haifi Baffan, daga bayan labule:

"Ɗan nan, je ka turo manyanka. Amma in za ku kawo lefe, ka haɗo mana da baƙin nan naka kwalba guda. Mu namu baƙon, ran da ɓarawo ya hauro, a bayan randa muka tsinto shi."