Tukunyar Furen Da Ke Tafiya Da Tsakar Rana

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da kwana huɗun da aka bar mini makullin ɗakin hawainiya ba.

A lokacin na samu aikin gwaji na wata ɗaya a wurin wata likitar dabbobi Bafulatana, can bayan kasuwar Roumdé Adjia a Garuwa. Kowa Madam Dokta yake ce mata. Ta ce in na cika watan lafiya za ta ɗauke ni dindindin. Ni kuwa shekara uku ina yawo da takardun lakol, wato na makaranta, a leda, babana mahauci kullum yana nuna mini teburinsa yana cewa ranar da na gaji da gantali ga gadona nan. Don haka hannu bibbiyu na riƙe aikin. (Hannu dai ya riƙe, kunne ne ya ci amanata.)

A bayan asibitin akwai wani ɗaki da take jinyar dabbobin da ma'aikatan daji suka ƙwato daga hannun masu fasa-ƙwauri, kafin a mayar da su daji. Lokacin akwai hawainiya biyu a kejin raga mai tsayin mutum, sai wani ƙaton kunkuru a ƙarƙashin benci, wanda sati uku ina share ɗakin ban taɓa ganin ya ko ɗaga kai ba. Sai kuma tukwanen fure shida, irin ɗan'uwan yakuwar nan da muke ce wa folere, sai dai wannan na ado ne, furensa ja ne jawur, faɗinsa kamar tafin hannu. Uku suna cikin kejin, hawainiya na hawa kansu suna lasar ruwan da ke kan ganye. Uku suna bakin tagar gabas suna shan hantsi, duk bayan kwana biyu a musanya su, don in ba rana ba sa yin fure.

Ranar da za ta tafi Tignère allurar shanu, Madam ta tsayar da ni ta yi mini karatu. In cusa yatsa a ƙasar tukunya, in ta bushe in zuba ruwa, in da danshi in bari. In fesa wa ganye ruwa safe da yamma, don hawainiya ba ta shan ruwa a kwano. In na ga ƙwari a bayan ganye in wanke da ruwa zalla. Ba maganin feshi, ba takin kanti, ba hayaƙi ko na maganin sauro. Ta ƙara da wasu maganganu kan furen da kunkurun, amma wallahi motsin bakinta kawai nake gani. "Wi, Madam, wi, Madam," nake ta yi, hankalina na kan yadda zan kaɗa makullin nan a gaban abokaina.

Rana ta farko da safe na ƙirga fure bakwai a buɗe, gwanin sha'awa. Da la'asar sakaliya na dawo fesa ruwa, na tarar duk sun nannaɗe, wasu sun zube ƙasa, kamar wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya murje da yatsa. Na duba ƙasa da danshi, ganye lafiya lau. Na tattara furannin na cusa a aljihu, kamar wanda ya yi sata.

Kashegari sababbi suka buɗe, na ce alhamdu lillahi. Amma da azahar aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Wanda ya san ranar Garuwa ya san wannan lokacin: unguwa ta yi tsit, ko akuya ba ta kuka, kwalta na tururi. Na buɗe ɗakin in ga ko zafi bai yi musu yawa ba. Sai ga tukunya ɗaya a tsakiyar ɗaki. Da hannuna na ajiye ta a bakin taga da safe, ga kuma sawun jan ta a kan siminti. Furannin ƙasa-ƙasa babu su, ko ɓurɓushi. Makulli kuwa ɗaya ne, yana aljihuna.

Na ɗaga kai na dubi kejin. Babbar hawainiyar, wadda na bari koriya shar, ta koma baƙa ƙirin. Ido ɗaya ta kafa mini, ɗayan kuma ta juya shi a hankali ta tsayar da shi a kan wani abu a bayana. Ban waiwaya ba. (Ku ce mini matsoraci, na yarda, amma ku je ku tsaya a wurin tukuna.) Ina nan tsaye sai na ji wani dogon numfashi, fuuuu, irin na tsohon da ya sauke kaya. Da baya-baya na fita, ina karanta Ayatul Kursiyyu ina tsallake rabi.

A rana ta uku na ce bari in yi abin 'yan boko. Na mayar da tukunyar bakin taga, na zagaye gindinta da gawayi, na kulle ƙofa, na zauna a bakinta ban motsa ba. Rana na kaiwa tsaka na fara jin ƙiii, sai shiru, sai kuma ƙiii. Da na tattaro ragowar zuciyata na leƙa, tukunya ta bar zanen gawayin da taku biyu, kuma ƙofa ta nufo.

Ban tsaya ko'ina ba sai gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, mai sayar da turaren wuta, wadda ba a taɓa kawo mata matsalar da ta rasa sanin mai ita ba. Ta saurare ni tana kaɗa kai.

"Da tsakar rana ka ce? Kuma furen ja ne?"

"Ja ne, Gwaggo."

"Kayya, ɗan nan! Ai masu abu ne. Su da jan fure ba a raba su. Wa ya ce wa Madam ɗin taku ana ajiye hawainiya a ɗaki? Gobe zan zo in yi musu hayaƙi."

Na ce Madam ta hana hayaƙi. Gwaggo ta harare ni ta ce na maganin sauro ta hana, turare kuma ai ba hayaƙi ba ne, magani ne. Maganar ta zauna mini daram, don dama abin da nake so in ji ke nan. Tsorona biyu ne: abin da ke cikin ɗakin, da kuma Madam ta dawo ta tarar furenta na zuba, ta ce ban iya ba.

Rana ta huɗu Gwaggo ta iso da kasko cike da garwashi da ƙulle-ƙulle a leda. Ban san wa ta gaya wa a hanya ba, amma kafin azahar ƙofar asibiti ta cika: matan maƙwabta, masu moto, wato 'yan acaɓa, da suka bar fasinja, har da mai shayin bakin titi. Muka rufe taga, muka ajiye kaskon a tsakiya, Gwaggo ta zuba ƙaro da wasu saiwoyi, muka ja ƙofa muka toshe ƙasanta da tsumma.

Bayan wani lokaci wani mai moto ya ce, "To, patiron, shiga mana ka gani ko sun tafi." Jin an ce mini patiron, wato maigida, a gaban mata ya sa na gyara wuyan riga na tura ƙofa. Ciki fari fat, ko tafin hannuna ba na gani. Na yi taku uku. Sai ƙiii. Daga cikin hayaƙin sai ga tukunyar tana tahowa, ganyenta na rawa, ba hannu ba ƙafa, kai tsaye wurina.

Jama'a, ni da gemuna, "Wayyo Inna!" na ƙwala. Na yi tuntuɓe da kasko, na bar takalmi ɗaya a ciki, na fito a guje na ratsa mata, ban tsaya ba sai da na yi karo da mutum. Madam Dokta ce, saukarta ke nan daga moto da jaka a kafaɗa.

Ba ta tambayi kowa komai ba. Ƙamshin kawai ta shaƙa, ta yar da jakar ta faɗa ɗakin, ta bankaɗe taga ta watso kaskon waje. Da hayaƙi ya lafa kowa ya leƙa. Ga kunkuru a bayan tukunya, ya kafa ƙirji yana tura ta, jan fure na leƙowa daga bakinsa, yana tauna a hankali abinsa. Aka fashe da dariya, wani har da zama a ƙasa. Na nemi Gwaggo na rasa, ashe tuni ta tuna ta bar tukunya a kan wuta.

Dariyar ta yanke ne lokacin da Madam ta fito da babbar hawainiyar a tafin hannunta. Ta yi fari-fari, bakinta a buɗe, ba ta motsi. Ƙaramar ta rayu, wannan kam ta tafi.

Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. A hankali ta yi magana. "Na gaya maka furen nan yini ɗaya yake yi, ya buɗe da safe ya faɗi da yamma. Na gaya maka ka ɗora tukwanen a kan benci, don kunkurun in ya ji zafin rana yana fitowa ya ture su ya ci fure. Ita kuma hawainiya, baƙin da take yi, tsoronka take ji." Ta dube ni sosai. "Abin tsoro ɗaya ne ya shiga ɗakin nan, kuma ni na ba shi makulli da hannuna."

Ta miƙo hannu na saka mata makullin. Ta sa mini hawainiyar a nawa, ta ce in binne ta a bayan katanga, gobe kuma ba sai na zo ba. Saura kwana biyar watana ya cika.

Darasi dai na koye shi da tsada: in ana ba ka amana ana bayani, buɗe kunne ka bar lissafin yadda za ka yi taƙama, kuma kafin ka ɗora wa aljanu laifi, durƙusa ka leƙa ƙarƙashin benci. Har yau masu moto in sun hango ni sai su ce, "Patiron, ya tukunya?" In ɗaga musu hannu mu yi dariya tare. Abin da ba na gaya musu shi ne, a tafin hannuna hawainiyar nan ba ta kai nauyin ƙwai ɗaya ba, kuma saura sati ɗaya a mayar da ita daji.